Minsharin maigidana ya canza salo, numfashinsa ɗaukewa yake yi cikin barci

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma ina roƙon kada a mayar da maganar abin dariya, domin ta hana ni sukuni. Maigidana yana minshari tun farkon aurenmu, na saba, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Amma daga bara zuwa bana abin ya canza. Yana cikin minsharin sai ki ji tsit, ya ɗauke gaba ɗaya. Ƙirjinsa na motsi, yana ƙoƙarin jan iska, amma babu abin da ke shiga. In zuba masa ido gabana na faɗuwa, can sai ya zabura da wani irin gurnani, ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma minsharinsa. Haka za a yi ta yi har asuba. Da safe in na yi masa magana ya ce shi lafiya lau ya yi barci, ni ce dai nake neman magana.

Shekarunsa 47. Ya yi jiki sosai a 'yan shekarun nan, har maɓallin wuyan kaftaninsa ba ya rufuwa. Yana da hawan jini, magani kala biyu yake sha amma jinin ya ƙi sauka yadda ake so. Kullum da ciwon kai yake tashi. Da ya zauna a falo bayan la'asar sai gyangyaɗi, shi da bakinsa ya ce ko huɗuba ba ya iya saurare har ƙarshe. Ni kuma ba na barcin kirki, ga yara, ga aiki. Me kuke gani?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, haƙuri za ki yi. Minshari ba ciwo ba ne, gajiya ce. Mutumin da ya fita tun safe neman abin da za ku ci, dole in ya kwanta ya yi nauyin barci. Iyayenmu maza sun yi minshari har suka tsufa. Kuma a zamaninmu maigida turakarsa daban, mace ɗakinta daban, shi ya sa ba a jin irin wannan ƙorafi. Ku yaran yanzu ne kuka ce lallai sai gado ɗaya. In kun gama hirarku ki koma ɗakin yara ki yi barcinki.

Amaryar Bana:
Hajiya ki yi haƙuri, ni dai ban yarda da raba ɗaki ba. Daga nan ake fara nisa da juna. Anti ki sayi abin toshe kunne na soso, ana samu a manyan kemis, ki kunna fanka ta riƙa rufe ƙarar. Nawa ma yana yi in ya kwanta rigingine, da na ɗan taɓa kafaɗarsa ya juya gefe shi ke nan.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode Hajiya, na gode ƙanwata. Wallahi ba ƙarar ce damuwata ba, da ita ce da ban kawo maganar nan ba. Shirun ne yake tsorata ni. Ko na koma ɗakin yara ba na iya runtsawa, sai in ta leƙowa ina duba ko yana numfashi. Yaya zan toshe kunnena bayan kunnen nake saurarensa da shi?

Goggon Yara:
Anya ba dannau ba ne? A riƙa yi masa tofi, ya dage da azkar kafin ya kwanta. Sannan a kira wanzami ya duba masa belu, in ya yi tsawo shi ke rufe maƙogwaro. A cire masa a huta.

Anti Nas:
Don girman Allah kada a kai shi wurin wanzami. Bari in fara da wannan domin shi ya fi gaggawa. Yanke belu a gida yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, kuma ga mutum mai hawan jini haɗarin ya fi yawa. Bayan haka ma toshewar ba a belu kaɗai take ba, don haka za a sha wahalar banza ne. Goggo, addu'a kam a yi ta, babu mai hanawa. Amma dannau daban ne: mai dannau a farke yake, yana ji yana gani, jikinsa ne ya ƙi motsi na ɗan lokaci, kuma da safe zai ba ki labari. Wannan bawan Allah bai ma san abin da ke faruwa da shi ba.

Maman 'Yan Biyu, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan yanke miki hukunci ta waya ba, sai likita ya gan shi. Amma abin da kika zayyana ya yi kama sosai da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Ga yadda abin yake. In mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe da ganɗa duk suna saki. Ga wasu, hanyar iska takan ƙuntata kawai, iskar na wucewa tana kaɗa naman, shi ne minshari. Ga wasu kuma hanyar rufewa take yi ruf. Shi ya sa kika ga ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta shiga. Iskar oksijin a jininsa sai ta fara sauka, ƙwaƙwalwa ta ankara ta tashe shi na ɗan ƙiftawa, naman ya ɗaure, hanya ta buɗe, ya ja iska da wannan gurnanin. Farkawar gajeriya ce ƙwarai, ba ya tunawa da ita, don haka in ya ce miki ya yi barci lafiya ba ƙarya yake yi ba, iya saninsa ke nan.

Likitoci suna ƙirga duk ɗaukewar da ta kai sakan 10 ko fiye. In ɗaukewa ko raguwar numfashi ta faru sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya, ciwon mai sauƙi ne. Sau 15 zuwa 29 matsakaici. Daga 30 zuwa sama mai tsanani. Ki lissafa mutumin da ake tayarwa sau 30 a kowace awa har gari ya waye, ina zai ga barci mai nauyi? Kowace zabura kuma tana sa zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau. Wannan ne ya sa maganar hawan jinin da ya ƙi jin magani ta fi ɗaukar hankalina a cikin duk abin da kika faɗa. An san ciwon nan yana da alaƙa da hawan jini mai taurin kai, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga.

Hajiya Babba, da gaskiyarki cewa ba kowane minshari ne ciwo ba. Da yawa minshari ne kawai. Amma wanda ke haɗe da ɗaukewar numfashi da gyangyaɗin rana ba na haƙuri ba ne, na asibiti ne.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi. Anti Nas kin faɗi abin kamar kina ɗakin. To ni yanzu tsorona kada wata rana ya ɗauke ya ƙi dawowa ina barci.

Anti Nas:
Kwantar da hankalinki 'yar uwa. Ba taɓawarki ce ke dawo masa da numfashi ba, jikinsa ne ke tayar da shi da kansa, ko kina nan ko ba kya nan. Illar ciwon taruwa take yi a hankali, shekara da shekaru, a zuciya da jijiyoyin jini. Gadin da kike yi ba zai warkar da shi ba, ke zai kwantar. Ki samu barcinki, ko da a ɗakin yara ne wasu dararen, ki tara ƙarfin kai shi asibiti. Yana tashi fitsari da dare? Bakinsa na bushewa da safe?

Maman 'Yan Biyu:
Sosai ma. Yana yawan tashi, har mun ɗauka suga ne, aka gwada aka ce babu. Kuma kullum da gorar ruwa a gefen gado.

Anti Nas:
Duk suna cikin alamomin. Akwai tambayoyi takwas da wasu likitoci a Toronto ta Kanada suka tsara a 2008, har yau ana amfani da su wajen tantancewa. Ana tambaya ko minsharin na da ƙarfi har ana ji ta bayan ƙofa a rufe, ko mutum na fama da gajiya ko barci da rana, ko wani ya taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, ko yana da hawan jini. Sauran huɗun su ne ƙiba mai yawa, shekaru sama da 50, kaurin wuya da ya wuce santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya amsa e a uku ko fiye, ya kamata a bincika shi. Ke ma ki ƙirga na maigidanki ki gani. Ki ari tef ɗin tela ki auna wuyan.

Baban Yara:
Ku ba ni dama in sa baki a matsayina na namiji. Maman 'Yan Biyu, matsalarki ta farko ba asibiti ba ce, yadda za ki shawo kansa ne. Mu maza, in mace ta ce "kana minshari ka hana ni barci", abin da kunnenmu ke ji shi ne ta gaji da mu, ko tana ƙyamarmu. Nan take sai a hau musu. Kada ki fara da barcinki. Ki fara da jininsa. Ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi hankalinsa a kwance, ki ce masa kin ji an ce irin wannan barcin yana hana maganin hawan jini aiki, kuma kina so ki raka shi ranar da zai koma ganin likita ki faɗi abin da kike gani da dare. Kuma kada maganar ta fita a gaban yara ko ƙannensa, ko da wasa. In aka yi masa dariya sau ɗaya, kin rasa shi a wannan maganar.

Amaryar Bana:
Ki ɗauke shi a waya kawai yana barci, da safe ki kunna masa. Ai gani ya kori ji.

Matar Malam:
A'a ƙanwata, ba a ɓoye ba. Mutum yana barci amana ne a hannunki. In ya tashi ya ga an ɗauke shi baki buɗe ba da saninsa ba, zai ji an ci mutuncinsa, kuma wayoyin nan yara na ɗauka. Ta nemi izninsa tukuna, ta ce likita za a nuna wa, in an gama a goge a gabansa. Sannan tunda an ce kwanciyar rigingine na ƙara abin, ta tuna masa hadisin Bara'u ɗan Azib da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da yin alwala kafin kwanciya da kwantawa ta ɓangaren dama. Namiji zai fi karɓar wannan da a ce masa "juya ka dame ni".

Amaryar Bana:
Haka ne Anti, na karɓa. Amma dai a ɗauka ɗin, domin in ba su ji da kunnensu ba ba sa yarda.

Direban Dogon Zango:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa magana ba, yau dole ta sa. Babbar mota nake ja, Kano zuwa Legas. Yaran motata sun sha gaya mini cewa in na kwanta a tasha numfashina na tsayawa, ina ɗauka iskancinsu ne. Amma gaskiya barci na fizgata a kan sitiyari ko da na kwana na yi barci. Kwanaki tsakanin Kaduna da Zariya na farka na ga tayar gaba ta sauka daga kwalta. Goro da kofi nake ci nake sha ba ƙaƙƙautawa. Wasu abokan aiki sun ce in gwada tiramol. Anti Nas, ni ma shi ne?

Anti Nas:
Malam, Allah Ya tsare, kuma na gode da ka yi magana. Naka ya fi na kowa gaggawa a nan, domin ba ranka kaɗai ne a hanya ba. Masu wannan ciwo da ba a yi musu magani ba sun fi sauran direbobi yin haɗari, wannan sanannen abu ne. Goro da kofi rufe alamar kawai suke yi na ɗan lokaci. Tiramol kuwa kada ka kusance shi. Shi da kodin dangin juna ne, suna danne numfashi, su ƙara dagula abin da ake gudu. Haka ma ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam, da giya, duk suna ƙara sakin naman maƙogwaro. Sigari kuma yana kumbura hanyar iska. Ka ga likita kafin lodi na gaba, ka faɗa masa sana'arka ƙarara. Kafin nan, duk lokacin da ka ji idonka ya yi nauyi, ka faka ka kwanta, ko mai kaya zai yi faɗa.

Maman 'Yan Biyu, ke ma ki lura, in maigida yana tuƙi mai nisa, a samu wanda zai riƙa karɓarsa.

Maman 'Yan Biyu:
To Anti wane likita za mu nema? Kuma in an tabbatar, akwai magani ko sai dai haƙuri?

Anti Nas:
Ku fara da likitan da ke duba hawan jininsa, shi zai tura ku. Yawanci ana turawa wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ko likitan huhu. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da waɗannan sassan, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne gwajin barci. Ko dai mutum ya kwana a asibiti a maƙala masa wayoyi masu auna numfashi da oksijin da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa, ko a ba shi ƙaramar na'ura ya kwana da ita a gida.

Magani akwai, kuma ya danganta da tsananin. Rage ƙiba na taimakawa ƙwarai. Wani dogon bincike da aka yi a Wiskonsin ta Amurka ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage yawan ɗaukewar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A nan aikinki ne babba: tuwon dare mai nauyi dab da kwanciya, lemon kwalba, shayi mai suga da madara, a rage su, a ƙara tafiyar ƙafa. In hanci na toshewa, musamman da ƙurar hunturu, a yi maganinsa, amma kada ya saba da maganin ɗigawa a hanci na kemis fiye da 'yan kwanaki, domin in an daɗe ana sa shi toshewar dawowa take yi fiye da da. Akwai kuma abin da likitan haƙori ke ƙerawa a sa a baki, ya turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan, yana yi wa masu sauƙi da matsakaici aiki. Tiyata sai in likita ya ga takamaiman abin da ya tare hanya. Ga mai tsanani, babban magani shi ne na'urar CPAP, wadda wani likita a Sidni ta Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Iska take hurawa a hankali ta abin rufe hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safe.

'Yar Uwa Daga Jidda:
Mu muna amfani da ita, bari in gaya miki gaskiyar zaman. Mijina ya kwana a asibiti an yi masa gwajin, aka ce nasa mai tsanani ne. Farkon kawo na'urar rigima muka sha. Ya ce shi ba majinyaci ba ne da za a ɗaura masa tiyo a fuska. Tsakar dare sai in ga ya cire ya ajiye a kan filo. Robar ta yi masa shaida ja a karan hanci, iska na zurarewa ta gefe tana hura masa ido. Muka koma aka canza masa wadda ke zama a ƙofar hanci kawai, aka sassauta maɗaurin, sannan ya fara jurewa. Abin da ya sa ya riƙe ta da kansa shi ne ranar da ya tashi babu ciwon kai, ya yi sallar asuba ya zauna karatu har rana ta fito bai yi gyangyaɗi ba. Yanzu ko Madina za mu je ita yake fara sawa a jaka. Fushin da yake yawan yi da yara ma ya ragu, ashe rashin barci ne. Ƙararta ba ta kai ta fanka ba. Wanke robar da sabulu marar ƙamshi, da canza matatar iska, ni nake yi.

Baban Yara:
Hajiya ku can wuta ba ta ɗaukewa. Mu nan fa? Ga tsada kuma.

'Yar Uwa Daga Jidda:
Tsada kam akwai, ba zan ɓoye ba. Amma ba ta cin wuta sosai, musamman in an kashe wurin ɗumama ruwan da ke sa wa iskar danshi. Mai inbata ko sola a gida za ta kai shi safe. Abin da zan ja kunne a kai, kada a sayi ta hannu a kasuwa a ɗaura haka nan. Ƙarfin iskar likita ne ke saitawa daidai da mutum.

Hajiya Babba:
To, Allah Ya sa mu dace. Ni dai abin da na sani na faɗa. Amma maganar ɗaki ina nan a kan bakana, mace ta samu barci ba laifi ba ne, kuma ba ya kashe aure. Yanzu da kuke maganar nan na tuna marigayi maigidanmu haka yake yi, yana zaune ana hira sai barci, kuma hawan jini ne ya yi ajalinsa. Allah Ya jiƙansa. 'Yata ki kai shi asibitin.

Maman 'Yan Biyu:
Amin Hajiya, Allah Ya gafarta masa. Na dawo in sanar da ku. Na bi shawarar Baban Yara, ta hawan jinin na shiga. Ya yi shiru, sannan ya ce in ɗauka ya ji. Da ya saurara da safe bai ce komai ba sai da ya maimaita wurin shirun, ya tambaye ni, "Kullum haka nake yi?" Mun je wurin likitansa tare, na faɗi abin da nake gani, ya saurari abin da na ɗauka, ya ba mu takardar zuwa sashen hanci da maƙogwaro, kuma ya ce lallai a yi gwajin barci. Kafin lokacin, na sa tela ya ɗinka aljihu a bayan rigar barcinsa na sa ƙwallon tanis, yadda in ya juya rigingine zai ji ya koma gefe. Minsharin ya ragu a kwanciyar gefe amma ɗaukewar ba ta daina ba, don haka gwajin muke jira. Direban Dogon Zango, don Allah kai ma ka je.

'Yar Maraɗi:
Barka 'yar uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Anti Nas, ni tambayata a kan yaro ce. Ɗana shekararsa 5, siriri ne ba mai jiki ba, amma yana minshari kamar babba, baki buɗe yake kwana, yana ta juye-juye, wani lokaci har da fitsarin kwance bayan ya daina. Kakarsa ta ce gado ya yi wurin babansa.

Anti Nas:
Yaro mai minshari kusan kowane dare, ba lokacin mura kaɗai ba, a kai shi a duba. A yara yawanci ba ƙiba ba ce, tonsil ne, wato ƙullutun nan biyu na gefen maƙogwaro, da wani nama da ke can bayan hanci, suke girma su tare hanya. Kuma su ba lallai su yi gyangyaɗi da rana ba, sau da yawa rashin natsuwa da ƙiriniya da rashin mayar da hankali a makaranta ake gani. Fitsarin kwancen da ya dawo ma ki faɗa wa likita. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ki tafi da ɗan abin da kika ɗauka a waya yana barci. In likita ya ga naman ne, cirewa ake yi a asibiti, kuma yawancin yara suna samun sauƙi sosai bayan haka.